Ɗakin Ƙasa a Santambul

Ƙamus ne ya fara ɓatar da ita. Sa'ad da likitan ido na Yamai ya ba da shawarar a kai mahaifinta Istanbul a ƙarshen watan Oktoba, malamar ta ce a ranta kaka ke nan, domin da wannan kalma aka saba fassara "automne" ta Faransanci, kuma ita kanta ta sha koyar da hakan a aji. Sai ta shirya masa kayan kaka irin ta Damagaram: riguna marasa nauyi, takalman fata buɗaɗɗu da hula. A wurinmu kaka lokaci ne da ruwa ya ɗauke, hatsi ya nuna, ana ɗaure dammuna, zafi kuwa bai tafi ba tukuna, har mutum yakan kwana a tsakar gida. Da ta duba yanayin birnin a wayarta ta salula ta ga wani abu dabam. A can, a watan ne ruwan sama yake kankama, iska mai sanyi tana busowa daga teku, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe bakwai, kuma wajen ƙarfe shida ta faɗi. Turkawa suna kiran lokacin "sonbahar", daga "son", wato ƙarshe, da "bahar", kalmar Farisanci mai nufin lokacin tsiro bayan sanyi. Ba ta da dangantaka da bazararmu, ba kuma ita ce bahar ɗin Bahar Maliya ba, kama ce ta kunne kawai. Ta kwashe rabin kayan, ta sayo rigar sanyi, safa da laima.

Mahaifin nata malamin zaure ne a unguwar Birni, ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa fiye da sau ɗaya. Ciwon da ke damunsa shi ne wanda ake kira hawan jinin ido: matsin ruwan cikin ido yana cin jijiyar gani sannu a hankali, ganin yana tsukewa daga gefe zuwa tsakiya, har mutum ya zama kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Yana iya karanta layin da ke gabansa, amma ba ya ganin dutsen da ke gaban ƙafarsa, kuma da magariba ta yi sai an riƙe masa hannu. Ƴaƴansa maza suka haɗa kuɗin jirgi da na asibiti, aka ɗora mata rakiya saboda ita ce mai jin harsunan waje. Asibitin ya ba su ranar Litinin domin gwaji, da safiyar Juma'a domin jin sakamako. Tsakanin nan akwai kwana uku cur da ba su da komai.

Sunan birnin ba baƙo ba ne a kunnen tsohon, sai dai shi Santambul yake ce masa, kamar yadda ya ji a bakin iyayensa. Ya san labarin da ake bayarwa a Agadas cewa daga can aka roƙo sarkin farko na Abzin, ya kuma san a can kabarin wani sahabi yake. Ita kuwa sanin da ta yi wa birnin na intanet ne. Cikin dare biyu ta tara wurare goma sha biyar a takarda, ta raba su biyar biyar: Aya Sofiya, masallacin Sultan Ahmad, fadar Tofkafi, fadar Dolmabahce, hasumiyar Galata, tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, babbar kasuwa mai rufi, kasuwar kayan yaji, yawo a jirgin ruwa, tsibiran da ke cikin tekun Marmara, da sauransu. Ba ta faɗa wa kowa ba, amma dalili biyu ne suka sa ta cika takardar haka. Tana tsoron wannan ce tafiya ta ƙarshe da idonsa zai amfana da ita, tana kuma so ta dawo da hotunan da za su nuna wa ƴan'uwanta cewa ba a ɓata ko dala ba.

Da ta karanta masa jerin bayan sallar isha'i, ya saurara har ƙarshe bai katse ta ba. Yana kiran ta Uwata, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

"Uwata, wannan tsari na mai doki ne," in ji shi. "To, ranar farko a ina za mu yi azahar?"

Ba ta da amsa. Ta lissafa kuɗin shiga da lokacin buɗewa, amma ba ta sa salla ko ɗaya a cikin lissafin ba, ba ta kuma sa hutun mutumin da ya haura saba'in ba. Daren nan ta ajiye jerin wuraren gefe, ta koma ga tambayar da ya kamata ta fara da ita, wato inda za su kwana.

Ɗaliban nahawu sun san ginin kalmar masauki: ɗafa-goshin "ma-" a kan aikatau "sauka", kamar yadda aka gina masallaci da makaranta, sunan wurin da ake yin aikin. Amma a al'adar fatauci masauki ya wuce wuri. Mai masauki a zango shi ke ajiye kayan baƙo, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa a ciniki, ya kuma ɗauki nauyinsa idan wani abu ya faru. Saboda haka da babban yayanta ya ce ya riga ya gama magana da wani Alhaji ɗan garinsu da ke harkar aika kaya a unguwar Aksaray, kuma ya ba su ɗaki kyauta, a ganin kowa magana ta ƙare. Aksaray da Laleli nan ne matattarar ƴan kasuwar da ke sayen tufafi da takalma suna aikawa gida, akwai ƴan Afirka da yawa, akwai abincin da baki ya sani, akwai kuma wanda zai ji Hausa idan dare ya yi.

Ta kira Alhajin ta gaishe shi, ta yi godiya, sannan ta yi tambayar da ba a saba yi wa mai kyauta ba: ɗakin a hawa na nawa yake? Ya ce na biyar. Ta tambayi na'urar hawa bene, ya yi dariya ya ce ginin tsoho ne, amma matasa suna nan, ko goyo ne za su yi wa Malam. Ta yi shiru tana hango mahaifinta, wanda almajirai ke durƙusa wa, a bayan wani yaro sau huɗu a yini, a kan matakala mai duhu.

A nan tafiyar ta kusa lalacewa tun ba a tashi ba. Yayan ya ce ƙin masaukin ɗan gari cin fuska ne, kuma kuɗin otel ba ya cikin abin da aka tara. Gaskiya ya faɗa a duka biyun. Ƙari a kan haka, ɗiya da uba ba za su kwana ɗaki ɗaya ba, sai an kama biyu. Ta ce ta ji, bambancin kuɗin daga albashinta zai fito. Da ta zauna ta yi lissafi ta ga ba zai fito ba sai ta soke yawon jirgin ruwa na masu buɗe ido, ta kuma soke kusan dukan tsarabar da ta yi niyya. Ta soke su.

Neman otel ya ci mata mako guda, domin taswira ba ta nuna tudu, Istanbul kuwa tun da ana yi mata kirari da birni mai tuddai bakwai. Wuri biyu za su zama maƙwabta a takarda, amma tsakaninsu hawa ne da zai sa matashi haki. Ta rubuta sharuɗɗa huɗu: ɗaki a ƙasa, hanya shimfiɗaɗɗiya zuwa tashar jirgin cikin gari da suke kira tiram, masallaci kusa, da damar fasa ajiyar ɗakin ba tare da asara ba idan asibiti ya sauya rana. Da waɗannan ta auna unguwanni. Taksim ta yi nisa da tsohon birni, ga tudu, ga hayaniyar dare. Sultan Ahmad tana tsakiyar wuraren tarihi, amma akwai tsada, kuma yawancin ƙananan otel ɗinta suna gangaren da ke sauka teku, cikin tsofaffin gidaje masu ƙunƙuntar matakala. Sirkeji ce ta rage: ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kusa da bakin ruwa, layin tiram mai lamba T1 yana ratsa ta, tasha biyu zuwa Sultan Ahmad, tasha ɗaya zuwa Eminonu, kuma layin nan ɗaya shi ke wucewa ta Beyazit, Laleli da Aksaray. Ta karanta ra'ayoyin waɗanda suka taɓa sauka a otel ɗin tana farawa daga masu ƙorafi, saboda su ne ke ambaton matakala. Daga ƙarshe ta rubuta wa wani ƙaramin otel ta roƙi hoton ƙofar shiga da adadin matakan da ke tsakanin titi da ɗaki. Aka amsa mata cewa biyu ne.

A cikin wannan wasiƙa ta fara lura da abin da ya zame mata ribar tafiyar. Kalmar da ta nema ta na'urar hawa bene ita ce "asansör", ta gane ta nan take, Faransanci ce da rigar Turkanci. Haka "bilet", "otobüs", "şoför", "istasyon" da "vapur", jirgin ruwan fasinja. Da ta karanta wa mahaifinta wasu kalmomin da suka gagare ta, shi ya warware su: "misafir", baƙo, daga musafiri na Larabci, "vakit" ƴar'uwar lokaci, "saat" sa'a, "hesap" hisabi, "haber" wadda tushenta ɗaya da labari, "kalem" alƙalami. Ita tana shiga harshen ta ƙofar Faransanci, shi yana shiga ta ƙofar Larabci. Inda ya yi tsammanin sauƙi kuwa nan ya sha mamaki: salla "namaz" ce, alwala "abdest", dukansu daga Farisanci, la'asar kuma "ikindi", magariba "akşam", isha'i "yatsı". Ta rubuta masa sunayen sallolin biyar da ajami a ƴar takarda ya sa a aljihu.

Da masauki ya tabbata, jerin wuraren ya gyara kansa. Ta kafa doka: wuri ɗaya tsakanin hantsi da azahar, wuri ɗaya tsakanin azahar da la'asar, kowace salla a masallacin da ke cikin tsarin, kuma a dawo ɗaki kafin rana ta faɗi. Ma'ajiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta fita saboda duhu. Hasumiyar Galata ta fita saboda tudu da dogon layi. Dolmabahce da tsibirai suka fita saboda tafiyar ƙafa. Fadar Tofkafi a rufe take ranar Talata, sai ta koma Laraba. Daga goma sha biyar aka dawo shida, a cikinsu har da wanda babu shi a jerin farko, wato masallacin Ayyub Sultan, wanda tsohon ya roƙa da bakinsa. Ta sa shi yammacin Juma'a, bayan ganin likita, ba tare da ta yi tunanin abin da hakan zai zama ba. Maganar Alhaji kuwa mahaifin ne ya warware ta. Ya kira shi da kansa ya ce gwiwa ce ta hana, amma abincin ranar Laraba a gidansa za a ci, kuma shi ake so ya tarbe su a filin jirgi, wanda ke da nisan kimanin kilomita 40 daga tsohon birni. Alhaji ya karɓa da murna, ya zo da mota da bargo.

Ranar Talata suka yi azahar a Aya Sofiya. An kammala ginin a shekarar 537 a matsayin majami'a, ya zama masallaci a 1453, aka mai da shi gidan tarihi a zamanin jamhuriya, sannan ya koma masallaci a 2020. Duk wannan ta karanta masa a tiram, ya gyaɗa kai kawai. Abin da ya tsayar da shi shi ne manyan faya-fayai takwas da ke rataye a sama, kowanne faɗinsa ya kai mita bakwai da rabi, rubutun zinariya a kan kore mai duhu, aikin Mustafa Izzat Efendi na tsakiyar ƙarni na 19: sunan Allah, na Annabi, na halifofi huɗu, da na Hasan da Husaini. Ƙunƙuntar ganinsa ba ta hana shi ba, domin daga nesa faifai ɗaya yana shiga cikin ƴar kafar da ta rage masa. Aikinta shi ne ta ce masa ɗaga kai, Baba, hagu kaɗan. A kan faifan Umar ya daɗe.

"Dubi al-Faruƙ," ya ce. "Sun ɗora wa fa ɗigo a sama, sun ba ƙaf biyu. Mu fa ɗinmu ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗaya a sama. Da almajirina ne ya rubuta haka da na sa ya wanke allon."

Ya yi dariyar da ta daɗe ba ta ji ba. Sa'a guda suka yi a kan faya-fayai takwas, lokacin da tsohon tsarinta ya ware wa wurare biyu. La'asar suka yi a masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, wanda fili ɗaya ne ya raba shi da Aya Sofiya.

Ranar Laraba ba su zagaya farfajiyoyin Tofkafi huɗu ba. Suka nufi ɗakin da ake ajiye kayan da ake dangantawa da Annabi da sahabbai, inda ake karatun Alƙur'ani ba yankewa. Hasken ɗakin kaɗan ne, bai ga abin kirki a cikin akwatunan gilashi ba, sai ya tsaya gefe yana bin karatun da leɓensa. Daga nan tiram ya kai su Aksaray. Alhaji bai bari an hau bene ba, ya shimfiɗa tabarma a cikin shagonsa tsakanin ƙunshin kaya, aka kawo shinkafa da miya, ƴan gari shida suka zo gaisuwa da neman addu'a. A nan ta ga abin da otel ba zai iya bayarwa ba, ta kuma yarda a ranta cewa yayanta bai yi kuskure gaba ɗaya ba.

Ranar Alhamis ruwa ya sauko. Tsarin ya ce kasuwar tsofaffin littattafai ta Sahaflar da ke Beyazit da safe, sannan masallacin Sulaimaniyya, wanda magini Sinan ya kammala a 1557 a kan tudu. Duwatsun hanya suka yi santsi, ta soke hawan, suka fake a wani shago. A tsakar kasuwar akwai mutum-mutumin Ibrahim Mutafarriƙa, wanda ya kafa maɗaba'ar farko ta buga Turkanci da haruffan Larabci, littafinsa na farko kuma, a 1729, ƙamus ne na Larabci da Turkanci. Tsohon ya ɗauki wani littafi na zamanin daular Usmaniyya ta Turkawa ya fara karantawa a bayyane, yana lalube wasulan da ba a rubuta ba. Haruffan nasa ne, amma ma'anar ba ta zo masa ba. Saurayin da ya kawo musu shayi ya tsaya yana saurare, yana cafke kalma nan da can, yana maimaita ta da lafazinta na daidai. Harshen nasa ne, amma ba ya iya karanta shafin, domin tun dokar 1 ga Nuwamba 1928 Turkiyya ta koma haruffan Latin guda 29. Su biyun suka haɗu a kan layi uku ko huɗu kafin ruwa ya tsagaita. Malamar ta tuna wasiƙun ajami da ke cikin akwatin mahaifinta, ta kuma tuna cewa a cikin ɗalibanta kaɗan ne za su iya karanta su, alhali mu babu dokar da ta taɓa hana mu.

Da safiyar Juma'a likitan ya faɗi abin da na Yamai ya riga ya faɗa. Ba aikin da zai dawo da abin da ya tafi, sai dai a sauya maganin ɗigawa a riƙe sauran. Ta fassara wa mahaifinta kalma bayan kalma, ba ta rage komai ba, ya ce alhamdu lillahi. A mota ta ce ko su koma ɗaki ya huta. Ya ce a'a, a bi takarda.

Tiram mai lamba T5 ya ɗauke su daga Eminonu yana bin gefen ruwa har Ayyub Sultan. Nan ne kabarin Abu Ayyub al-Ansari, sahabin da ya rasu a yaƙin da aka kawo wa birnin a zamanin Mu'awiya, aka binne shi kusa da ganuwa. Bayan la'asar suka zauna a farfajiya ƙarƙashin wata tsohuwar bishiya da ganyenta ke zuba. Ya tambaye ta ko ta san da me aka san wannan sahabi. Ta ce da jihadi. Ya ce kafin nan shi ne mai masaukin Annabi a Madina bayan hijira, wata bakwai yana gidansa, kuma gidan bene ne. Da farko Annabi ɗakin ƙasa ya zaɓa, saboda ya fi sauƙi gare shi da masu zuwa wurinsa, Abu Ayyub da matarsa kuwa suka kasa sakewa a sama don nauyin a ce suna bisa kansa.

"Kin gani, Uwata," ya ce, "da yayanki ya matsa, da wannan zan ba shi amsa. Na bari ne in ga yadda za ki yi."

Sai a nan ta yi kukan da ta riƙe tun asibiti. Bai hana ta ba, ya dai tuna mata cewa magariba ta kusa, kuma doka tata ce.

Sun dawo Damagaram da wurare biyar cikin shida, da hotuna ƙasa da ashirin, da tsarabar da ba ta wuce carbi da ƴan kwalayen alewa ba. Yayan ya duba hotunan ya tambayi ina hasumiyar da kowa ke ɗauka, ba wanda ya ba shi amsa. A zaure kuwa tsohon ya yi mako yana zana wa almajirai fa da ƙaf na mutanen Santambul a kan allo, da manyan haruffa yadda shi ma zai gani.

Bayan wata biyu wata abokiyar aikinta da za ta je birnin da ƴaƴanta matasa ta roƙi tsarin tafiyar. Malamar ta ɗauko takardar farko, mai wurare goma sha biyar da layukan sokewa, ta tambaye ta shekarun yaran da kuma watan da za su tashi. Sannan ta mayar da hasumiyar Galata da tsibirai cikin jerin, ta ce mata su nemi ɗaki a Aksaray idan sun samu, kuma su gaida Alhaji.